Gasar Dakar: Daga Hamadar Tenere Zuwa Hamadar Atakama

Gasar Dakar tsere ne na dogon zango da ake yi duk watan Janairu da ƙananan motoci da babura da manyan motoci, tsawon kimanin mako biyu, a kan hanyar da galibinta ba ta san kwalta ba. An fara ta a ƙarshen shekarar 1978 daga Faris zuwa Dakar, babban birnin Senegal. Ta yi kusan shekara talatin tana ratsa Sahara, ta koma Kudancin Amurka daga 2009 zuwa 2019, sannan ta tare a Saudiyya tun 2020. Kamfanin Amaury Sport Organisation na Faransa ne ke riƙe da ita, shi ne kuma mai shirya tseren kekuna na Tour de France. Rabon gasar da birnin Dakar tun 2007, amma sunan yana nan.

Abin da ya bambanta ta da sauran tseren motoci shi ne gudu kaɗai ba ya kai mutum. Wanda ya iya gano hanya, ya kuma iya lallaɓa motarsa ta kai yamma da ƙafarta, shi ke cin riba. A shekaru da yawa kusan rabin waɗanda suka tashi ba sa ganin ƙarshe.

Zamanin Sahara

Kafin a haifi gasar Dakar, wani dogon tsere ya taɓa shigowa ƙasar Hausa. A watan Mayun 1974 aka tashi motoci daga Landan za su Munich, albarkacin gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa da aka yi a Jamus ta Yamma a shekarar, aka kuma tsara su gangaro ta Aljeriya har Kano kafin su juya arewa. Tsakanin lokacin da aka rubuta bayanin hanya da ranar tseren, an ƙara tsawon wani titi a Aljeriya, sai bayanin ya daina dacewa da abin da ke ƙasa. Mafi yawan direbobi suka ɓace a hamada. Shahararren direban Ingila Stirling Moss na cikin waɗanda tafiyarsu ta ƙare a Aljeriya, kuma motoci ƙalilan ne suka kammala cikakkiyar hanyar. Wasu 'yan Ostareliya uku a cikin Citroën DS ne suka yi nasara.

Wanda ya ƙirƙiro gasar Dakar wani Bafaranshe ne mai suna Thierry Sabine. A 1977 ya ɓace da babur ɗinsa a hamadar da ke tsakanin Nijar da Libiya yayin tseren Abijan zuwa Nice, sai da aka neme shi ta sama aka ceto shi. Ya koma gida da ƙudurin kai wasu su ga abin da ya gani. Ranar 26 ga Disamba 1978 ababen hawa 182 suka tashi daga Faris, suka tsallaka teku zuwa Aljas, suka bi ta Tamanrasset da Agadas da Yamai da Gao da Bamako. Guda 74 ne suka isa Dakar ranar 14 ga Janairu 1979, Cyril Neveu a kan babur Yamaha yana gaba.

Nijar ce zuciyar gasar a shekarun 1980. A Agadas ake yada zangon hutu, garin ya cika da Turawa da kanikawa da 'yan jarida, masu masauki da maƙeran azurfa da direbobi su yi cinikin da ba sa yi a sauran watanni. Mano Dayak, Ba'abzinen da filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da sunansa a yau, yana cikin waɗanda suka yi aiki da Sabine wajen shirya hanya. Daga Agadas ake faɗawa Tenere, shimfiɗar rairayin da ayarin raƙuman gishiri ke ratsawa zuwa Bilma tun ƙarnoni. A 1983, shekarar da gasar ta fara ratsa ta, guguwar yashi ta ɓatar da kimanin mutum 40, aka kwashe kwanaki ana tsinto su ɗaya bayan ɗaya da jirgi mai saukar ungulu. A wasu shekarun hanyar ta biyo ta Tawa kafin ta shiga Yamai, ta haka mutanen Adar suka ga waɗannan motoci da idonsu.

Sabine ya mutu ranar 14 ga Janairu 1986 a haɗarin jirgi mai saukar ungulu kusa da Gourma-Rharous a Mali, tare da mawaƙin Faransa Daniel Balavoine da wasu mutum uku. An watsa tokar gawarsa a gindin wata bishiya a Tenere. Gasar ta ci gaba, amma tawayen Abzinawa na farkon shekarun 1990 ya fara nisanta ta da arewacin Nijar. An koma Agadas a 1997. A 2000, bayan gargaɗin cewa 'yan bindiga na dakon ayarin, aka loda motoci da babura a manyan jiragen dakon kaya na Antonov daga Yamai aka sauke su a Sabha ta Libiya. Tun daga nan gasar ba ta sake taka Nijar ba.

Ƙaura zuwa Kudancin Amurka

Ranar 24 ga Disamba 2007 aka kashe Faransawa huɗu 'yan yawon buɗe ido kusa da Aleg a Muritaniya, ƙasar da zanguna da dama na gasar 2008 za su ratsa. Ranar 4 ga Janairu 2008, ana gobe za a tashi daga Lisbon, aka soke gasar gaba ɗaya. Ajantina da Chile suka buɗe ƙofa, kuma a Janairun 2009 ababen hawa kusan 500 suka tashi daga Buenos Aires don zagayen da ya haura kilomita 9,000.

Nahiyar ba baƙuwar irin wannan tsere ba ce. A 1948 an yi na Buenos Aires zuwa Karakas, wanda a cikinsa Juan Manuel Fangio ya yi haɗari a Peru, abokin tafiyarsa ya rasu. A 1970 tseren Landan zuwa Meziko ya ratsa duwatsun Andes. Saboda haka jama'a suka karɓi Dakar hannu bibbiyu, suna cika bakin titi a kowane gari. Peru ta shigo a 2012, Bolibiya a 2014, Faragwai a 2017.

Yadda ake tseren

Kowace rana zango ɗaya ce, kashi biyu. Akwai tafiyar haɗi a kan titin kowa da kowa, inda ake bin dokar hanya ba a ƙirga lokaci. Akwai kuma sashen tsere, wanda kan kai kilomita 300 zuwa 500, wani lokaci fiye, a nan agogo ke aiki. Ba a tashi gaba ɗaya: ana sakin motoci ɗaya bayan ɗaya da tazarar mintoci, a ƙarshe a tara lokutan kowa na dukan kwanakin. Wanda ya ci zangon jiya shi ke buɗe hanya yau, kuma wannan nauyi ne, domin ba shi da sawun da zai bi, na bayansa kuwa suna bin nasa.

A mota mutum biyu ne, direba da mai karanta hanya. Na biyun yana riƙe da littafin hanya, wanda kowane layinsa ke ɗauke da adadin kilomita, da ɗan zanen mararraba ko kwazazzabo ko tudu, da kusurwar da za a fuskanta a kan kamfas, da alamar haɗari mai daraja ɗaya zuwa uku. Na'urar GPS da masu shirya gasar ke bayarwa a kulle take, ba ta nuna taswira. Tana farkawa ne kawai idan mota ta kusanci wasu ɓoyayyun wurare da dole a bi ta kansu, wanda ya tsallake ɗaya kuma a ƙara masa lokaci. Mai babur shi kaɗai yake, a da littafinsa naɗaɗɗiyar takarda ce a kan kan babur, yana murza ta da babban yatsa yana gudu.

Da yamma kowa ya sauka a sansani, gari guda na tantuna da ke tashi kullum. Direban babban kamfani ya ci abinci ya kwanta, kanikawa su kwana suna sauke giya da shokazoba. Mai ƙaramin ƙarfi shi ne direba shi ne bakanike, sau da yawa yakan shigo sansani da asuba ya tarar na gaba suna shirin tashi. Akwai kuma zangon da ake hana motocin taimako zuwa, kowa ya gyara abin hawansa da hannunsa da kayan da ya ɗauko.

Atakama da abin da ke cikinta

Hamadar Atakama siririya ce, ta miƙe kimanin kilomita 1,000 a arewacin Chile tsakanin Tekun Fasifik da duwatsun Andes. Tana cikin wurare mafi bushewa a duniya. A garin Arika ruwan da ke sauka a shekara, a matsakaici, bai kai milimita ɗaya ba. Dalili biyu ne. Duwatsun Andes suna tare damshin da ke tasowa daga gabas, ruwan tekun da ke gefen kuwa mai sanyi ne saboda igiyar Humboldt da ke gangarowa daga kudu, iskar da ke kansa ba ta tashi sama balle ta haɗa hadari. Abin da take haifarwa shi ne hazo mai kauri da ke kwanciya a gaɓar teku da safe. Wannan hazo ya sha jinkirta tashi a yankin Kopiyapo, domin ƙa'ida ce ba a sakin 'yan tsere sai jiragen ceto za su iya tashi.

Direban da ya saba da Sahara yakan tarar da ƙasar ta bambanta. Tenere shimfiɗa ce, mutum na iya riƙe kusurwa ɗaya ya yi ta tafiya. Atakama kuwa a rana guda tana iya ba shi tsakuwa mai yanka taya, da busasshen rafi, da hanyar masu haƙar tagulla, da tuddan yashi masu jingine da duwatsu. Shahararriyar gangara ita ce ta Ikike, inda ake sulalowa daga ƙwanƙolin tudu kai tsaye zuwa sansani a bakin teku, tsawon fiye da kilomita biyu, motocin gaba suna haura kilomita 150 a awa.

Tuƙi a tudun yashi sana'a ce mai zaman kanta. Kafin a shiga ana rage iskar taya don ta baje ta hau kan yashi maimakon ta tona shi, dabarar da direban a-kori-kura mai ɗauko kayan kasuwa daga ƙauyukan Gwaram ya sani sarai idan zai ratsa rafi da rani. In an rage da yawa taya na iya fita daga kan ƙarfenta a kwana, in an fito kan duwatsu ba a mayar da iska ba kuma faci ya biyo baya. Iska ce ke gina tudu, gefen da take bugawa mai tauri ne mai sauƙin hawa, ɗaya gefen mai laushi ne kuma a tsaye yake. Direba yana hawa da ƙarfi, dab da ƙwanƙoli sai ya ɗaga ƙafa daga totur. In ya ɗaga da wuri, cikin motar ya zauna a kan tudu tayoyi huɗu suna juyawa a banza, sai shebur da faranta na ƙarfe da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin taya. In ya makara, motar ta tashi sama ta sauka da hanci. Da tsakar rana abin ya fi muni: yashi ya yi zafi ya saki, rana tana tsaka babu inuwa, ido ba ya bambanta tudu da rami. A irin wannan rami ne Sébastien Loeb, wanda ya ci kambin duniya na tseren rali sau tara, ya faɗa a hamadar Peru a 2018, mai karanta masa hanya ya ji rauni, suka janye.

Akwai kuma turɓayar da 'yan tsere ke kira fesh-fesh, mai tsananin laushi, wadda samanta ke kama da ƙasa mai tauri. Mota na shiga ta nutse, ƙura ta turnuƙe ta rufe gilashi, ta toshe matatar iska, injin ya shaƙe. Wanda ke bin bayan wani a cikinta ba ya ganin ko bonet ɗinsa, shi ya sa aka sa wa kowane abin hawa ƙararrawar da na baya ke kunnawa don na gaba ya ba shi hanya.

Sai tsayi, wanda Sahara ba ta taɓa jarraba kowa da shi ba. A wancan lokacin, don a tsallaka tsakanin Ajantina da Chile akan bi ta mashigar San Francisco, sama da mita 4,700 daga doron teku, a gindin dutsen Ojos del Salado. A can iska ba ta da kauri. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa a kowace mita 1,000, ruwan lagireto yana saurin tafasa, mutum kuma ga ciwon kai ga haki ga kasala. Masu babura sukan tashi cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, kafin la'asar su sauka cikin zafin da ya haura digiri 40 a fararen tuddan Fiyambala na Ajantina. A Bolibiya gasar ta hau filin gishirin Uyuni, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 10,000 a tsayin kimanin mita 3,650. A 2015 an ratsa shi da ruwa kwance a kai, ruwan gishiri ya shiga wayoyi da lagireto ya kashe babura da dama. Janairu damina ce a tsaunukan, kuma a 2017 ruwan sama a Bolibiya da zaftarewar ƙasa a arewacin Ajantina sun sa an soke zanguna sukutum.

Gwanayen zamanin

Giniel de Villiers na Afirka ta Kudu ne ya ci gasar farko ta Kudancin Amurka a 2009 da Volkswagen, karo na farko da mota mai shan dizal ta zo ta ɗaya. Carlos Sainz na Sifaniya ne ke gaba har zango na 12, inda ya afka wani kwazazzabo. Ya rama a 2010, ya tsere wa Nasser Al-Attiyah na Katar da minti 2 da daƙiƙa 12 kacal bayan mako biyu ana fafatawa. Al-Attiyah, wanda ya ci lambar tagulla a harbin bindiga a wasannin Olamfik na Landan a 2012, ya yi nasara a 2011 da 2015 da 2019, ta ƙarshen ita ce ta farko ga kamfanin Toyota. Stéphane Peterhansel na Faransa ya ci huɗu a nahiyar, biyu da Mini biyu da Peugeot. Shi ne gadar da ta haɗa zamunan gasar, domin ya riga ya ci sau shida da babur a Afirka, kuma jimillar nasarorinsa ta kai 14 a 2021. A ɓangaren babura kamfanin KTM bai saki kambi ba ko sau ɗaya a shekaru goma sha ɗayan, a manyan motoci kuma Kamaz ta Rasha ce ta fi kowa.

Rayuka da kayan tarihi

Fiye da mutum 70 sun rasa rayukansu ta dalilin gasar tun farkonta, 'yan tsere da 'yan jarida da 'yan kallo. Sunayen 'yan tseren a rubuce suke. Na mutanen ƙauyukan Afirka da motoci suka kaɗe ba duka aka adana ba, kuma wannan gibi yana cikin manyan abubuwan da ake zargin gasar da su. A 1988, shekarar da aka kaɗe wata yarinya a garin Kita na Mali, jaridar fadar Fafaroma ta yi kakkausan suka ga tseren. A 2006 yara biyu sun mutu, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. Daga baya aka tsananta dokar rage gudu a cikin gari, na'ura tana lura da kowa. A Kudancin Amurka ma an yi asara tun shekarar farko: wani mai babur Bafaranshe, Pascal Terry, ya mutu a dajin Ajantina a 2009, ba a kai gare shi ba sai bayan kwanaki, lamarin da ya jawo tambayoyi kan tsarin ceto.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi a Chile da Peru na masana tarihi ne. Bushewar da ta sa Atakama ta dace da tsere ita ce ta adana abin da mutanen dā suka bari: manyan zane-zane a jikin tuddai, da sawun ayarin dabbobin lama, da sassan tsohuwar hanyar daular Inka, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014. Inda ruwa ba ya sauka, sawun taya ma ba ya gogewa. Majalisar kula da kayan tarihi ta Chile ta sha ba da rahoton wuraren da aka lalata bayan wucewar ayarin, a Peru kuma masana sun koka kan ƙasusuwan manyan kifaye na zamanin da da ke kwance a hamadar Ika. Mai karatu a Jigawa zai gane nauyin maganar idan ya tuna zanen shanun da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, waɗanda hukuma ta killace tun bayan da masana suka yi nazarinsu a shekarun 1950. Waɗannan suna da kogo da shinge. Na Atakama a fili suke, a warwatse cikin ɗaruruwan kilomita, kuma ɓarnar ba ta 'yan tsere kaɗai ba ce, har da dubban 'yan kallo da ke kutsawa da motocinsu don neman wurin tsayawa. Masu shirya gasar sun ce suna miƙa hanyar ga hukumomi su duba kafin a bi, amma littafin hanya ba ya hana wanda ya ɓace yin tasa hanyar.

Ƙarshen zaman Kudancin Amurka

A Afirka gasar ce ke neman izinin wucewa. A Kudancin Amurka gwamnatoci ne ke biyan miliyoyin daloli don a zo, da fatan hotunan ƙasarsu za su jawo baƙi. Da aljihu ya fara yin sanyi, sai sha'awa ta ragu. Chile ta janye daga gasar 2016 bayan ambaliyar da ta afka wa arewacinta a watan Maris 2015, ba ta kuma komo ba. Peru ma ta janye a wannan shekarar saboda fargabar ruwan El Niño, ta dawo a 2018. A 2019 Peru kaɗai ta rage, aka yi zango goma daga Lima zuwa Lima, mafi yawansu cikin yashi. Toby Price na Ostareliya ya ci ɓangaren babura da karyayyen wuyan hannu. A watan Afrilun shekarar aka sanar da komawa Saudiyya, kuma gasar 2020 ta tashi daga Jidda. Tsohuwar hanyar Maroko da Muritaniya zuwa Senegal kuwa wani tsere dabam ne ke bin ta tun 2009, mai suna Africa Eco Race.